Mary Moffat: Uwar da Ta Bi Sawun 'Ya'yanta a Filin Bishara

A duk lokacin da aka ɗauko tarihin shigar bishara kudancin Afirka, sunaye biyu ne sukan fara zuwa bakin mutane, wato Robert Moffat, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Setswana, da kuma surukinsa David Livingstone, wanda tafiye-tafiyensa suka sa duniya ta san shi. Amma a tsakanin waɗannan mutane biyu akwai wata mace wadda ba a cika ambatonta ba. Ita ce matar na farko, ita ce kuma uwar matar na biyu. Sunanta Mary Moffat. Ta yi shekara 50 a Afirka, ta haifi 'ya'ya goma, ta ga huɗu daga cikinsu sun shiga aikin mishan. Ta saki 'ya'yanta domin aikin Ubangiji, duk da haka ba ta taɓa ɗauka cewa nauyinta na uwa ya sauka daga kanta ba. Ko daji ne ya raba su, sai ta sa a ɗaura wa shanu keke ta bi su.

Ƙuruciya da kira

An haifi Mary Smith a shekarar 1795 a yankin Manchester, a ƙasar Ingila. Mahaifinta, James Smith, yana da gonar renon itatuwa da furanni a garin Dukinfield. Iyayenta masu tsoron Allah ne, suka sa ta a makarantar 'yan ɗarikar Morabiya da ke Fairfield. Wannan ɗarika ta yi suna wajen aika masu bishara zuwa ƙasashe masu nisa, don haka tun tana yarinya kunnuwanta suka saba da labarin mutanen da ba su taɓa jin sunan Almasihu ba.

Ana nan sai wani saurayi ɗan ƙasar Sikotilan, mai suna Robert Moffat, ya samu aiki a gonar mahaifinta. Shi ma mai aikin lambu ne, yana kuma shirin tafiya aikin bishara a ƙarƙashin Ƙungiyar Mishan ta London. Da suka fahimci cewa zuciyarsu ɗaya ce a kan wannan kira, sai ƙauna ta shiga tsakaninsu. Amma iyayen Mary suka ƙi. Ita kaɗai ce 'yarsu mace, ba ta da ƙarfin jiki sosai, Afirka kuwa a wancan zamani wuri ne da ba a tabbatar wanda ya tafi zai dawo ba. Robert ya shiga jirgin ruwa shi kaɗai a watan Oktoba na 1816.

Mary ba ta yi wa iyayenta tawaye ba. Ta zauna a gida tana yi musu hidima, tana addu'a. Bayan fiye da shekara biyu sai zuciyarsu ta sauya, suka ba ta izini da albarka. Ta haye teku a 1819, aka ɗaura musu aure a birnin Cape Town ranar 27 ga Disamba na wannan shekara. Ta ga hawayen iyayenta a ranar rabuwa, ta san abin da sakin ɗa yake ci wa uwa. Nan gaba ita ma za ta sha daga wannan ƙoƙo, ba sau ɗaya ba.

Gida a bakin hamada

A farkon 1820 ango da amarya suka kama hanyar arewa a cikin keken shanu, tafiyar makonni da yawa, zuwa ƙasar Batlhaping, wani reshe na al'ummar Batswana. A ranar 12 ga Afrilu, 1821, a garin Griquatown, Allah ya ba su 'yarsu ta fari, suka sa mata suna Mary. A al'adar Batswana akan kira mace da sunan ɗanta na fari, kamar yadda a wurare da yawa na ƙasarmu akan ce Maman wane. Daga nan sunanta ya zama Ma-Mary, da shi kuma aka san ta har ta bar ƙasar.

A 1824 aka kafa tashar mishan a Kuruman, kusa da wani babban idon ruwa da ke ɓuɓɓugowa a bakin hamadar Kalahari. Zaman bai zo da sauƙi ba. Ma-Mary ta koyi daɓe ɗaki da kashin shanu kamar yadda matan ƙasar suke yi, ta koyi haɗa sabulu da kyandir daga kitse, da busar da nama domin ya daɗe. Ruwan da suka jawo domin lambu, sau da yawa akan karkatar da shi kafin ya iso. Ga fari, ga fara, ga kuma hare-haren mayaƙa da suka sa iyalin gudu zuwa Griquatown fiye da sau ɗaya. A 1825 ta haifi ɗa namiji, ya rasu bayan 'yan kwanaki.

Ƙofar gidanta ba ta 'ya'yan cikinta kaɗai ba ce. An ceto wata jaririya da ake shirin binnewa tare da gawar mahaifiyarta, Ma-Mary ta karɓe ta, ta rene ta a cikin 'ya'yanta, aka sa mata suna Sarah Roby.

Abin da ya fi dukan waɗannan wahaloli nauyi shi ne, shekara ta bi shekara ba wanda ya karɓi Almasihu. A cikin wannan hali wata aminiyarta a Ingila ta rubuto tana tambayar abin da za ta aiko mata. Mai tunani irin na mutum zai ce a aiko da tufafi ko magani. Ma-Mary kuwa ta roƙi kayan Jibin Ubangiji, wato ƙoƙuna da farantai, alhali babu mai bi ko ɗaya daga mutanen ƙasar da zai ci. A 1829 Ruhun Allah ya motsa zukata a Kuruman, aka yi wa mutum shida baftisma. Kayan da ta roƙa, bayan sun daɗe a hanya, suka iso daidai kwanakin da ake shirin cin jibin na farko tare da sababbin masu bi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Farashin sakin 'ya'ya

Babu makaranta a Kuruman da za ta kai 'ya'yansu inda ake so. A 1830 suka kai manyan 'yan mata biyu, Mary da Ann, wata makarantar Metodis a Salem, kusa da Grahamstown, tafiyar makonni daga gida. Bayan haka, saboda aikin fassara ya riƙe maigidan, Ma-Mary takan kama hanyar bakin teku ba tare da shi ba, da masu kora shanu, tana haye Kogin Orange, domin ta ga halin da yaranta suke ciki.

A 1839 iyalin suka tashi zuwa Ingila domin a buga Sabon Alkawari da harshen Setswana. A cikin jirgin ruwa ta haifi 'yarta Elizabeth. Bayan kwanaki kaɗan, a cikin wannan jirgi, ɗanta James, yaro ɗan shekara shida, ya rasu da ciwon ƙyanda. Ga jaririya a hannu, ga gawar ɗa a gefe. A Ingila ta sake ganin mahaifinta bayan shekara 20. Da za su koma Afirka a 1843 suka bar 'yarsu Helen a can domin karatu. Uwa da 'ya ba su sake haɗa ido ba sai bayan shekara 27.

Tafiya zuwa Chonuane

A lokacin zamansu a Ingila ne wani matashin likita mai suna David Livingstone ya sadu da Robert Moffat, ya ji labarin ƙauyuka masu yawa a arewacin Kuruman inda mai bishara bai taɓa sa ƙafa ba. Ya iso Kuruman a 1841. A 1844 zaki ya kama shi a Mabotsa, ya karya masa hannu. Ya zo Kuruman jinya, a nan ya nemi auren Mary ƙarama, aka ɗaura aure a watan Janairu na 1845.

Sabuwar amarya ta bi mijinta arewa, da fari Mabotsa, daga baya Chonuane, wurin Sarki Sechele na kabilar Bakwena. Tsakanin wurin da Kuruman ya fi mil 200, hanyar kuwa ta zakuna ce da ƙarancin ruwa. Tun kafin haka ƙanwarta Ann ta je ziyara Mabotsa, a hanyar dawowa zaki ya kashe ɗaya daga cikin shanunta dab da keken da take ciki. Ma-Mary ta san wannan labari sarai.

Duk da haka, a 1846, da 'yarta ta zama uwa a ƙasar da ba ta da dangi ko ɗaya, Ma-Mary ta ɗebi ƙananan 'ya'yanta uku, ta bi ayarin wasu maharba 'yan ƙasar, ta kama hanya. Shekarunta sun haura 50. Mijinta bai samu rakiyarta ba saboda aiki. Da dare akan hura wuta domin korar namun daji, da rana a bi rairayi ana neman inda shanu za su sha ruwa. Haka ta yi ta tafiya har ta isa, ta rungumi 'yarta, ta ɗauki jikanta.

Iyaye mata a ƙasarmu ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ya tashe ta. Idan 'ya ta haihu, uwa takan tattara kayan yaji da na kunu ta tafi, ko kuwa a kawo mai jego gida. Ma-Mary ta san cewa matar mai bishara ma mace ce, tana gajiya, tana jin kaɗaici, tana bukatar wadda za ta kama mata jariri ta samu barci. Ƙungiyar mishan tana iya aiko da albashi da wasiƙa, amma ba ta iya aiko da uwa. Zumunta, aka ce, a ƙafa take.

Kolobeng da wasiƙar suruka

A 1847 iyalin Livingstone suka sake matsawa gaba tare da Bakwena zuwa Kolobeng, kusa da inda birnin Gaborone na ƙasar Botswana yake a yau. A can Sarki Sechele ya karɓi baftisma a 1848. Amma fari ya addabi wurin shekara bayan shekara, har kogin ya ƙafe. Zuciyar Livingstone kuwa ta riga ta yi arewa, yana neman hanyar da bishara za ta shiga tsakiyar Afirka.

A 1850 ya ɗauki matarsa, tana da ciki, da yara uku ƙanana, suka ratsa Kalahari zuwa Tafkin Ngami. Zazzaɓi ya kama yaran, dole suka juyo. Da isowarsu Kolobeng a watan Agusta ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Elizabeth. Jaririyar ta yi mako shida kacal a duniya. Uwar kuma ɓarin fuskarta ya shanye. Da labari ya kai Kuruman, Ma-Mary ba ta tsaya aika saƙon gaisuwa ba. Ta sake kama hanya, ta iske gidan cikin baƙin ciki da ƙarancin abinci, ta sa aka kwaso su zuwa Kuruman, inda 'yarta da jikokinta suka yi watanni suna murmurewa.

A 1851 sai ta ji cewa surukinta yana shirin sake ratsa hamadar da iyalinsa, matar kuma tana da wani cikin. A nan ne aka ga wani ɓangare na halinta. Ta ɗauki alƙalami ta rubuta masa wasiƙa mai zafi. Ta tuna masa da jaririyar da aka binne, da halin da sauran yaran suka shiga, ta nuna masa cewa jefa mace mai ciki da ƙananan yara cikin irin wannan hatsari ba daidai ba ne, mutane kuma za su ɗauke shi rashin tausayi. Wadda ta rubuta wannan ba mai ƙin mishan ba ce. Mace ce da ta riga ta ba da shekara 30 ga aikin, ta kuma binne 'ya'ya uku a cikinsa. Ta yarda cewa kiran Allah yana iya kai mutum ga wahala, amma ba ta yarda a ɗora wa raunana wahalar da ake iya kauce mata ba.

Livingstone bai fasa ba. Shi a ganinsa Allah ne ya kira shi ya buɗe hanya, matarsa kuma ba ta so a bar ta a baya. A tafiyar ruwa ya ƙare musu a hamada, yara suka yi kwanaki cikin ƙishi mai tsanani. A hanyar dawowa, a watan Satumba, Mary ta haifi ɗa namiji a daji. Daga ƙarshe shi kansa ya gane cewa ba zai yiwu a ci gaba haka ba. A watan Afrilu na 1852 ya sa matar da yaran a jirgi zuwa Birtaniya, inda suka yi fiye da shekara huɗu cikin ƙunci da kewa, ba tare da shi ba.

Abin koyi a nan shi ne, saɓanin bai yanke zumunci ba. A 1854, lokacin da aka daɗe ba a ji ɗuriyar Livingstone ba, Robert Moffat ya kai kayansa har ƙasar Sarki Mzilikazi na Matabele, mutanen sarkin suka ƙarasa da su bakin Kogin Zambezi. A cikin kayan akwai tufafi da shayi da kofi da 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, waɗanda Ma-Mary ta shirya wa surukin da ta tsawata wa. Ya same su lafiya a 1855. Bakin da ya faɗi gaskiya, hannunsa bai daina alheri ba.

Gidan da kowa yake dawowa

Da shekaru suka ja, Kuruman ta zama gidan uwa ga dukan masu bishara na wannan yanki. Maigidan yakan yi watanni, wani lokaci kusan shekara, yana tafiya ƙasar Matabele, ita ce take riƙe da gida da lambu da baƙi da marasa lafiya. A 1857 ya kammala fassarar dukan Littafi Mai Tsarki, aka buga shi a injin da ke tashar. Aikin da ya ci kusan shekara 30 bai yiwu ba sai da wani ya ɗauke masa damuwar gida.

A 1858 Mary ƙarama ta dawo Afirka tare da mijinta, sai aka ga tana da ciki. Wannan karo ta bi iyayenta zuwa Kuruman, ta haifi autarta Anna Mary a hannun mahaifiyarta a watan Nuwamba. A 1859 ɗanta John Smith Moffat ya tafi da amaryarsa domin kafa tashar Inyati a ƙasar da ake kira Zimbabwe a yau. A 1861 Elizabeth ta auri mai bishara Roger Price. Ann kuwa ta riga ta auri wani mai bishara Bafaranshe, Jean Fredoux, a tashar Motito. Kowane keken shanu da ya bar Kuruman yakan tafi da wasiƙunta da kayan abinci zuwa ga ɗaya daga cikinsu.

Sai baƙin ciki ya zo a jere. Ranar 27 ga Afrilu, 1862, 'yarta ta fari, wadda ake kiranta da sunanta, ta rasu da zazzaɓin cizon sauro a Shupanga, bakin Kogin Zambezi, tana da shekara 41. Wannan tafiya ce da uwar ba ta iya bi ba. A cikin wannan shekara guda babban ɗanta Robert ma ya rasu. Abin da ta ji tsoro tun 1851 ya auku, amma wasiƙar da ta aika wa Livingstone ba ta zargi ba ce, ta ta'aziyya ce da godiya saboda ya ba su labarin kwanakin ƙarshe na 'yarsu. A 1866 kuma fashewar albarushi ta kashe Fredoux, Ann ta zama gwauruwa da yara bakwai, tsohuwar ta sake buɗe ƙofa.

Kwanakin ƙarshe

A watan Maris na 1870 tsofaffin biyu suka yi bankwana da Kuruman. Jama'a suka kewaye keken suna kuka, domin mafi yawansu a gaban idonta aka haife su. Suka isa Ingila a watan Yuli, a can ta rungumi Helen, wadda ta bari tana yarinya, ta same ta uwar 'ya'ya. Sanyin ƙasar da aka haife ta bai karɓe ta ba. Ta kwanta ciwo na ɗan lokaci, ta huta cikin Ubangiji a watan Janairu na 1871 a unguwar Brixton ta birnin London, tana da shekara 75. Aka binne ta a makabartar Norwood. Mijinta ya rayu har 1883. Ɗansu John ne ya rubuta tarihin su biyun, ya kuma sa sunan mahaifiyarsa kusa da na mahaifinsa a kan littafin.

Abin da ya rage mana

A yau ikkilisiyoyin Nijeriya su ne suke aika 'ya'yansu, waɗansu zuwa ƙauyuka masu nisa a cikin ƙasa, waɗansu ƙetaren iyaka. A ranar keɓewa akan ɗora musu hannu, a yi waƙa, a tara baiko. Bayan wata shida kuwa sau da yawa ba mai tambayar yadda matar mai bisharar ta haihu, ko inda 'ya'yansu suke karatu, ko abin da suke ci idan damina ta yi gardama.

Rayuwar Ma-Mary tana koya wa iyaye abu uku. Na fari, kada ƙauna ta sa su tare wa ɗa hanyar da Allah ya kira shi, gama da iyayenta sun nace a kan ƙin da suka yi, da Kuruman ta rasa uwa. Na biyu, sakin ɗa ba yasar da shi ba ne. Hannatu ta miƙa Sama'ila ga Ubangiji tun yana ƙarami, amma kowace shekara takan ɗinka masa riga ta kai masa da hannunta. Wanda ya iya zuwa ya je, wanda bai iya ba ya aika, ya kira, ya yi addu'a da suna. Na uku, uwa tana da izinin faɗin gaskiya cikin ƙauna, ko ga bawan Allah ne, idan ta ga ana sadaukar da lafiyar mata da yara ba bisa tilas ba. Shi ma mai hidima ya kamata ya saurara, ya tuna cewa iyalinsa suna cikin garken da aka ba shi kiwo.

Sa'ad da ikkilisiya ta keɓe rana domin girmama iyaye mata, ya dace a tuna da waɗanda kujerar 'ya'yansu take wofi a gida saboda bishara, da kuma matan da suke renon yara a filin aiki nesa da dangi. Ƙungiyar zumuntar mata tana iya zama uwa ga wadda uwarta ba ta iya isa wurinta ba. Ubangiji ya tashi mana iyaye irin Ma-Mary, masu hannun saki da ƙafar bi. Amin.